Daddawar Baturiya

Duk wanda ya san ni a Gusau ya san abu biyu ne ke riga ni shiga wuri, tumbina da muryata. Na yi dillancin hatsi, na yi na awaki, na taɓa sayar wa wani mutum jaki mai tari na ce masa gaisuwa yake yi. Amma a duk sana'o'in da na shiga na fita, babu wadda ta sa na rame a yini guda sai aikin faifai da adudu. Ranar nan da safe wandona ya matse ni, kafin magariba sai da na riƙe shi da hannu. Kuma daddawa ce sanadi.

Wani abokina ne tun na firamare ya jawo ni cikin harkar. Ya daɗe a Kano yana fitar da kaya ƙasashen waje. Ya kira ni ya ce akwai wani kamfani a Turai mai sayar da kayan ƙawata gida, ba su da masu saƙa a can, sai su ba da aikin a ƙasashe irin tamu, a saƙa yadda suke so a aika musu. Suna son faifai, suna son adudu, wato kwandon nan na kaba mai murfi. Shi ne wakilinsu, ni kuma yana so in tara masa mata masu saƙa a wajenmu. Ya ce kayan farko na gwaji ne. In sun isa lafiya, aiki ya zauna. In an samu matsala, Turawan nan ba sa yin magana biyu.

Mata kuwa ba sai an nema ba. A shekarun nan da zaman ƙauye ya gagari mutane, gidaje da yawa a Gusau da Tsafe da Bungudu sun cika da baƙi, matan da suka baro gona da rumbu suka zo da hannuwansu kawai. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana cikinsu. Mace ce da ta saba ba da hatsi, ba karɓa ba, sai ga ta a ɗakin aro a Bungudu tana jiran a aiko mata da tuwo. Ranar da na kai mata labarin aikin, sai ta miƙe ta ɗauko basillarta. Ita ta zama shugabar matan Bungudu ba tare da an yi zaɓe ba, don babu wadda ta isa ta tsaya takara da ita.

Kamfanin ya zo da dokoki kamar na asibiti. Rini sai wanda suka aiko, wai yaro a can yana iya lasar faifai. Kada a ajiye kaba kusa da maganin ƙwari. Kada ta sha danshi. Amma wadda abokina ya fi ja mini kunne a kai ita ce ta kwali.

"Abin da aka rubuta a takarda shi kaɗai za a gani a ciki," in ji shi. "Kwastan na nan za su duba, na can za su duba. Abinci, iri, nama, ko ƙwayar gero. Akwai waɗanda aka samu ƙullin gyaɗa a kayansu, aka ƙone kayan kaf, kamfanin bai sake kiran wayarsu ba. Kuma ka sani, in an zuba kaya a kwantena hayaƙin guba ake turara musu don kashe ƙwari. Duk abin ci da ke ciki ya zama ajali."

Na tara matan na yi musu bayani gari-gari. Har kwaikwayon karen kwastan na yi musu, na durƙusa da tumbina ina shinshina kwali. Sun yi dariya har wata tsohuwa ta nemi ruwa. Na tashi ina jin na isar da saƙo.

Da saƙa ta kammala, damina ta riga ta zauna. Aka tara kayan a wani shago da na kama a Gusau, matan kowane gari suka zo suka shirya nasu da hannunsu. Yadda kamfanin ke so shi ne a sa ƙaramin adudu cikin wanda ya fi shi, shi ma cikin wanda ya fi shi, har a kai babba, sannan a rufe a sa a kwali a manne da salatif. Ni ina ta shige da fice, ina rigima da 'yan dako, ina shafa wa kwalaye fenti don a gane na kowa: ja na Bungudu, kore na Gusau, shuɗi na Tsafe. Jajayen aka fara lodawa, suka shige can ƙuryar mota.

Washegari da hantsi babbar motar ta tashi. Tsarin shi ne ta shiga harabar da ake binciken kaya a Kano kafin a rufe ƙofa da dare. Da zarar ta shiga, mai kaya ba ya sake taɓa kayansa. Da safe jami'ai su buɗe kwalayen da suka ga dama, a zuba a kwantena, a garƙame, sai tashar jirgin ruwa. Na tsaya ina kallon bayan motar kamar uban amarya, sannan na shiga tsohuwar motata na nufi Bungudu in yi wa Gwaggo albishir, da fatan kuma in samu fura.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran kaba. Na ce, "Gwaggo, albishirinki. Kayanki sun kama hanyar Turai, sun riga ki shiga jirgi."

Ta yi murmushi, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Madalla. To ɗan nan, in kunka yi waya da Baturiyar da ke sayen kayan, ka ce mata ta ɗan gasa ta kafin ta daka. Ta fi ƙamshi."

"Ta gasa me?"

"Daddawar mana."

Na daɗe ina jin ana cewa gaban mutum ya faɗi. Nawa ba faɗuwa ya yi ba, rijiya ya samu ya shige.

"Wace daddawa, Gwaggo?"

"Wadda munka sa mata. Mu matan Bungudu munka haɗa kalwa, ni na dafa da hannuna. Ƙulli guda na, amma mai kyau. Yana cikin ƙaramin adudu, can ciki, inda ba mai taɓawa sai ita."

"Gwaggo! Ba a gabanki na durƙusa ina haushi ba? Ban ce kada a sa komai ba?"

Ta ajiye kabar ta dube ni kamar na zagi kakanmu. "Kai dokar kaya ka faɗi. Wagga ba kaya ba ce, gyara ce. Mutum ya sayi kayanka mota guda ka sallame shi hannu rabbana? Mai goro na gyara, mai nono na gyara, sai mu? Mi matar za ta ce? Ta ce Zamfarawa marowata na? Ina ruwan hukuma da abin da na ba mutum don Allah?"

Na ciro waya na danna kira. Wayar direba ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Na kira abokina a Kano, na faɗa masa a gurguje.

"Ka ji ni da kyau," in ji shi, da wata murya da ban san shi da ita ba. "In motar ba ta shiga harabar nan yau ba, mun rasa jirgi. In ta shiga da daddawa, mun rasa kamfani. Ka tare ta a hanya. Ban san yadda za ka yi ba, ka tare ta."

Na juyo na ce wa Gwaggo ta ɗauko mayafinta. Ta ce ina za ta. Na ce za ta nuna mini kwalin.

"Ja ne," in ji ta.

"Duk na Bungudu ja ne, Gwaggo."

"To, cikinsu yake."

Motata tana da hali irin na tsohon jaki, in ka matsa mata sai ta tsaya ta yi tunani. Ranar nan kamar ta san abin da ake ciki. Muka baro Bungudu, muka ratsa Gusau ina ta oda kamar mai kai mara lafiya, mai kabu-kabu ya zage ni, na ce na gode. Muna fita gari muka hau hanyar Tsafe.

Wanda bai bi hanyar nan a shekarun nan ba ba zai gane ba. Titi ne kamar kowane titi, ga gero ya yi kore a inda aka samu nomawa, ga gonakin da ciyawa ta cinye a inda ba a samu ba. Amma mutum yana tuƙi ne da ido huɗu. In ka daɗe ba ka ga mota ta taho daga gaba ba, sai bakinka ya bushe. In ka ga babura a gefen daji, sai ka tuna duk addu'ar da aka koya maka tun kana yaro. Gwaggo tana jan carbi, idonta a kan dajin da ya yi kama da wanda ta baro.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kuma ba mu kaɗai ba na."

Sai da motar ta yi tangal-tangal. "Me kika ce?"

"Ranar shiri, da matan Tsafe sunka ga mun sa, sai sunka ce ba za a fi su ba. Na Gusau ma sunka aika gida."

"Suka sa me?"

"Ni na sani? Kowa da abin da Allah ya hore mai."

A daidai nan wayar direban ta shiga. Ya ce yana Tsafe, ya ci abinci, yana jiran ayari. A wannan hanyar manyan motoci ba sa tafiya su kaɗai, taruwa suke yi su tashi tare. Ya ce ga shi ma ana shirin tashi. Na roƙe shi da girman Allah, da girman iyayensa, da girman duk wanda ya taɓa ba shi ruwa ya sha, ya tsaya.

"Alhaji," in ji shi, "akwai ayari ɗaya bayan wannan, yana tashi kafin la'asar. Shi ne na ƙarshe. In ya tashi ina ciki, da kayanka ko ba kayanka. Bayan shi, ko zinariya aka shimfiɗa daga nan zuwa Funtuwa ba na bi."

Mun iso Tsafe ana kiran azahar. Motar tana gefen tasha, direban yana zaune a inuwarta yana sakace. Mutum ne siriri mara son magana, irin waɗanda Allah ya halitta don su zama jarrabawa ga irina. Na aika a kira shugabar matan Tsafe, wata dattijuwa mai sanyin murya wadda mijinta ya rasu a shekarar da suka baro ƙauye. Na tara duk ɗan dakon da ke tashar. Muka yi salla a gurguje, muka kwance igiya.

Shugabar ta iso da mata biyar ko shida, mayafansu a karkace saboda sauri. Da na yi mata bayani, ta dafe ƙirji ta ce, "Alhaji, mu alheri munka nufa."

"Na sani, Inna. Alherin ne zai kashe mu. Ku nuna mini."

Shuɗayen kwalaye ne a bakin mota, da su muka fara. A nan na gane girman aikin da ke gabanmu. Ba buɗe kwali ne wahalar ba. Kowane kwali sai an fito da babban adudu, a cire murfi, a zaro na cikinsa, a cire murfi, a zaro na cikinsa, har a kai ɗan autan, don a nan kowace mace ta ɓoye nata, inda hannun Baturiya kaɗai zai kai. Sannan a mayar da su yadda suke, a manne. Na sa aka sayo duk salatif ɗin da ke Tsafe. Ina jin har yau akwai mai shagon da ke yi mini addu'a.

Abin da ya fito daga kwalayen nan, da kasuwa muka buɗe da mun ci riba. Ƙuli-ƙuli. Yajin daddawa a ƙullin leda. Kuka. Busasshiyar kuɓewa. Daga korayen Gusau aka zaro kilishi a naɗe cikin takarda, da wata 'yar kwalbar man shanu, wadda na san ta wata Bafulatana ce da ke saƙa mana faifai mafi laushi. Na riƙe kwalbar nan ina jujjuya ta. Matar ba ta da saniya ko ɗaya yanzu. Sayowa ta yi.

Jama'a suka fara taruwa. A irin wannan zamani, a ga babbar mota ana sauke mata kaya a gefen titi ana bincike cikin gaggawa, ba abin da mutane ke ɗauka da wasa ba ne. Na ji ana ƙus-ƙus a bayana. Sai ga wani jami'in tsaro ya ratso taron, bindiga a kafaɗa, fuska ba annuri.

"Me ake nema a motar nan?"

Gwaggo ce ta amsa daga inda take tsugune.

"Daddawa, ɗana."

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi tarin ƙuli-ƙuli da kilishi a kan tabarma. Ya sa aka buɗe masa kwali biyu ya gani da idonsa. Na yi masa bayanin kwastan da kwantena da hayaƙin guba, yana saurare yana kallon gabas. Da na gama ya ce, "To ku yi sauri. Ku dubi sama."

Na duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta fara kaɗa ledoji. Ga kwalayen kaba a zube a ƙasa, kabar da aka ce ko danshi kada ta sha.

Muka ƙara wuta. Matan Tsafe sun san nasu, sun kuma ga inda na Gusau suka sa, don haka shuɗi da kore suka tafi da ɗan sauri, duk da haka sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya don ban yarda da ƙwaƙwalwar kowa ba a ranar, har tawa. Duk wanda aka gama a manne a jingine gefe. Sai da aka sauke sauran kaf sannan 'yan dako suka fito da jajayen daga ƙurya, su ne kuma suka fi yawa, don matan Bungudu sun fi kowa saƙa.

Ni mutum ne mai alfahari da hancinsa. Ina iya tsayawa a bakin layinmu in faɗa maka gidan da aka sa daddawa a miya da gidan da aka yi ƙwauro. Na durƙusa a gaban jajayen kwalayen nan ina shinshinawa da gaske, yadda na yi da wasa a gaban matan. Ba wanda ya yi dariya. Ban ji komai ba sai kaba da fenti da yajin da ya riga ya cika mini hanci.

"Da me kika naɗe ta, Gwaggo?"

"Ganye, sannan leda, sannan tsumma, sannan wata ledar. Kada ta ɓata mata kaya."

Ta tsuguna tana buɗe kwali da hannuwan da suka saƙa rabin abin da ke ciki. "Wanga na," sai ta zaro, ta zaro, ta kai ɗan autan, wayam. "A'a, wancan na." Shi ma wayam.

Daga tasha na ji manyan motoci sun fara tayar da inji ɗaya bayan ɗaya. Direban ya jefar da tsinken sakacensa ya miƙe.

"Alhaji, a mayar da kaya."

"Ka ba ni ɗan lokaci."

"Ba nawa ba ne balle in ba ka." Ya matso kusa ya rage murya. "Ƙulli ɗaya ne fa, a mota guda. Na daɗe ina kai kaya wurin nan, ba duka suke buɗewa ba. Ka zuba su, ka yi addu'a."

Wayata ta yi ƙara. Abokina ne. Ya ce in akwai abin da zai ragu a kayan, yanzu zan faɗa masa ya gyara takardu kafin a rufe ofis, don abin da ke takarda dole ya zo daidai da abin da ke mota. In na wuce yanzu, shi ke nan.

Na tsaya da waya a kunne. Gaskiya maganar direban ta shige ni. Ƙulli ɗaya. Wanda ni da hancina ban ji ba, wa zai ji? Ga jajayen kwalaye jibge a gabana, waɗanda muka samu buɗewa ba su taka kara sun karya ba. A cikin sauran akwai aikin watanni na matan da ba su da gona a daminar nan, suna jiran wannan kayan ya zama musu hatsi. Amma in karen can na gaske ya ji abin da ni ban ji ba, ba ja kaɗai za a ƙone ba. In kuma ba wanda ya ji, ƙullin ya sha hayaƙin guba ya wuce, wata mata a can ta sayi adudu ta kai gida, ɗanta ya buɗe ɗan autan ya ga abu kamar alewa.

Shugabar matan Tsafe tana tsaye kusa da ni. Ba ta dubi Gwaggo ba. A hankali ta ce, "Alhaji, mu dai namu mun fitar."

Na ce wa 'yan dako, "Shuɗi da kore su hau. Jan da aka buɗe ya hau. Sauran su tsaya." Na faɗa wa abokina abin da ya ragu, ya ce to, ya kashe.

Gwaggo ta miƙe a hankali, da murfin adudu a hannunta. "Ka san hannun mata nawa ke cikin kwalayen ga?"

"Na sani, Gwaggo."

"Ni zan koma in gaya masu?"

"Tare za mu gaya musu."

Ta zauna a kan kwali ɗaya ta juya mini baya.

An ɗaure igiya ta ƙarshe ayari ya riga ya fara fita. Direban ya shiga layi a can baya, ko hannu bai ɗaga mini ba. Motar ba ta ɓace mana ba aka fara yayyafi. Sai na ga matan Tsafe, ba wanda ya ce musu komai, kowace ta ɗora jan kwali a ka ta rufe da mayafinta, suka nufi gidan shugabarsu da gudu-gudu. 'Yan dako suka bi su, har da wasu daga cikin 'yan kallo. Ni ma na ɗauki ɗaya, tumbina yana gaba ina biye. Kwali na ƙarshe yana shiga zaure ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

A zauren nan muka ci gaba da buɗewa, don ba abin yi. Gwaggo ce ta samo ƙullin daddawar da kanta, dab da magariba, a cikin kwalin da ta zauna a kai a tasha. Ta kwance ledar, ta kwance tsumman, ta kwance ɗaya ledar. Ƙamshin ya cika zauren, har wani ɗan dako ya haɗiyi yawu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar ta ɗaure ta sa a haɓar zaninta. A Tsafe muka kwana, don hanya ta rufe.

Washegari abokina ya kira ya ce an buɗe kwalaye da dama a Kano, ba a ga komai ba sai kaba, an garƙame kwantena. Saura binciken can Turai. Jirgin ruwa kuwa ba ya sauri don wani yana cikin damuwa. Makonnin nan na yi su ne kamar mai zaman makoki. Na je Bungudu na tsaya a gaban matan na yi bayani, ba wadda ta ɗaga murya, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kai musu abin da ya sawwaƙa na hatsi daga gidana, suka karɓa don dole. Gwaggo kuwa in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na yi mata labarin jaki mai tari, wanda ba ya taɓa kuskure, ko gezau.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da labari ya zo. Kayan sun wuce binciken can lafiya. Kamfanin ya yi ƙorafin ragin da aka samu, abokina ya gaya musu gaskiyar abin da ya faru tun daga kalwa har zuwa zaure. Ya ce matar da ke kula da sayen kayan ta yi dariya, sannan ta daina, ta ce da ƙullin ya iso hannun jami'ansu, ita kanta ba ta da ikon ceton mu. Sun ba da sabon aiki, ya fi na farko, kuma jajayen kwalaye su bi shi in ba su sha danshi ba. Ba su sha ba. Shugabar matan Tsafe ta ɗora su a kan katako a ɗakinta, ita tana kwana a tabarma.

Na kai labarin Bungudu da gudu. Matan suka yi guɗa. Gwaggo ta jira aka gama, sannan ta yi mini magana a karon farko.

"To gyarar fa?"

"Gwaggo, don Allah."

"Ba ni aika wa mutum kaya ba gyara. In abinci na ba su so, ka tambaye ta mi hukumarsu ta yarda a ba mutum."

Na tambaya. Amsar ita ce, duk abin da aka saƙa da kaba, aka rina da rininsu, aka kuma rubuta a takarda, yana iya shiga. Tun daga lokacin, a kowane kaya da muka aika, akwai layi guda a can ƙasan takarda: ƙaramin faifai ɗaya, kyauta. Gwaggo ke saƙa shi, ita ke sa shi a kwali, ni kuma ina tsaye a kanta da idanuwana biyu da hancina, tana hararata.

Ranar da aka loda jajayen kwalayen a karo na biyu, ta aika a kira ni. Na tarar da tuwon dawa da miyar kuka, tun daga zaure na gane daddawar. Na wanke hannu na zauna, na kai loma ta farko, na lumshe ido na fara shirya kirarin da zan yi mata.

"Ci ka yi shiru," in ji ta. "Ba don kai anka yi ta ba."